Mataccen ɗigo a fuskar kwamfuta: Haƙƙin mai saye idan shago ya ƙi karɓar kayansa

Ma'aikacin da ya tara albashin watanni ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a Banex Plaza da ke Wuse II, ko ya yi odarta daga Computer Village ta Ikeja, kan iya ganin wani baƙin ɗigo kamar kan allura a fuskarta bayan ya isa gida. Ko ya goge, ɗigon ba zai fita ba, domin aibin yana cikin gilashin ne.

Fuskar kwamfuta mai ma'aunin 1920 da 1080 tana ɗauke da ɗigogi 2,073,600, kowanne kuma ya kasu gida uku: ja, kore da shuɗi. Ƙaramin makunnin lantarki ne ke sarrafa kowane kashi. Idan ya lalace, ɗigon kan zama baƙi, ko kuma ya maƙale a launi guda. Mai maƙalewa kan farfaɗo wani lokaci, amma matacce sai dai a sauya fuskar baki ɗaya, kuma kuɗin hakan ba kaɗan ba ne.

A nan ne saɓani ke tasowa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 13406-2, wadda ISO 9241-307 ta maye gurbinta a 2008, ta raba fuskokin zuwa aji-aji. A aji na biyu an yarda da ɗigo biyu masu haske da biyu matattu a cikin kowane miliyan. Shi ya sa garantin kamfanoni da dama ba ya ɗaukar ɗigo ɗaya a matsayin lahani, kuma da wannan hujja mai shago kan kare kansa.

Sai dai ƙa'idar kamfani ba ta gaban dokar ƙasa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da suka gaza inganci cikin wata uku, a gyara, a canza, ko a biya shi. Hukumar FCCPC ma ta sha bayyana cewa rubutun “ba a mayar da kuɗi bayan saye” ya saɓa wa doka. Duk da haka, ko ɗigo ɗaya ya kai matsayin lahani abu ne da ake jayayya a kansa, musamman a kwamfutar hannu.

Saboda haka rigakafin yana bakin kanta. Kafin biya, mai saye ya ƙara hasken fuskar, ya cika ta da fari, baƙi, ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi a rubuta lambar na'urar da sharaɗin mayarwa a rasit. Hadimin da aka aika saye a madadin maigidansa ko ofis ya fi kowa buƙatar wannan takarda, domin shi za a tuhuma idan aibin ya bayyana.