Barin Tuwo da Hawan Duwatsun Ushafa

Duk Asabar da sassafe, duwatsun da suka kewaye Ushafa da hanyar madatsar ruwa ta Usuma kan cika da mutanen Abuja masu hawan dutse da masu sassarfa. Garin da aka fi sani da tukwanen matan Gbagyi, wanda Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, ya zama wurin motsa jiki na ƙarshen mako. A cikin masu hawan ba a rasa waɗanda suka yi sallama da tuwo da shinkafa da doya, suka rungumi tsarin keto, wanda a cikinsa sitacin da mutum zai ci a yini ba ya wuce giram 50. Makon farko sikeli kan faranta musu rai. Bayan 'yan makonni sai wasu su fara kukan ƙafa ta yi nauyi, ga kasala, ga jin sanyi.

Raguwar nauyin nan ta farko yawancinta ruwa ne. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta a matsayin gilaikojin, kimanin giram 400 a tsoka da 100 a hanta, kuma kowane giram na riƙe da ruwa kusan giram 3. Da ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi ta.

Kasalar kuwa tana da alaƙa da tayirod, 'yar halittar nan da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci. Galibin abin da take fitarwa sinadarin T4 ne, sai hanta da ƙoda da sauran sassa su juya shi zuwa T3, wanda shi ne mai aikin gaske. A 1976 Spaulding da abokan aikinsa a Amurka sun ba masu ƙiba abinci mai kalori 800 kacal a yini. Da aka cire sitaci gaba ɗaya, T3 ya faɗi da kashi 47 cikin 100, kusan daidai da na wanda bai ci komai ba. Da aka bar musu sitaci giram 50 ko fiye, a kalorin nan dai, T3 bai yi wani sauyi ba. Ashe jiki na lura da sitacin kansa, ba yawan abinci kaɗai ba.

Wannan ba ya nufin tayirod ta kamu da cuta. A wurin mai lafiya, T4 da TSH, sinadarin da ke ba ta umarni daga ƙwaƙwalwa, sukan zauna daidai. Jiki ne ke tsimi, kamar uwargidan da ta ga rumbu ya yi ƙasa ta rage awo. Abin da ke damuna shi ne mai haɗa uku a lokaci guda: ya bar sitaci, ya rage abinci sosai, ya kuma ƙara atisaye. A nan tsimin ke zama illa. Mata kan ga al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, barci ya lalace. Tun 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya ware wannan yanayi a matsayin matsalar lafiya da ke shafar 'yan wasa maza da mata.

Batun ƙarfi ya danganta da irin aikin. Mai ɗaga ƙarfe sau ɗaya ko biyu da wuya ya ga bambanci, domin tsoka na da wani makamashi na 'yan daƙiƙu da ba ya jiran sukari. Tafiya a hankali ma kitse na iya ɗaukar nauyinta: Stephen Phinney ya nuna haka a 1983 da 'yan tseren keke biyar bayan makonni huɗu na keto. Amma hawan gangare da sauri, ko maimaita ɗagawa har tsoka ta yi zafi, gilaikojin suke ci. A 2017 Louise Burke ta Ostareliya ta gwada gwanayen tseren tafiya har tsawon makonni uku. Masu keto sun ƙona kitse da yawa, sai dai sun buƙaci ƙarin iska don riƙe sauri iri ɗaya, kuma ba su samu ci gaban da masu cin sitaci suka samu a tseren kilomita 10 ba.

A ganina, mai son rage tumbi ya fara da barin lemon kwalba da sukarin shayi da cincin, ya bar wa kansa wake da dankali da 'yar malmalar tuwon dawa, musamman daren da zai wayi gari a kan dutse. Gishirinsa ya zama mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993, domin tayirod na buƙatar aidin, kuma babba na buƙatar maikirogiram 150 a yini. Mai ciki, mai shayarwa, mai shan maganin tayirod, da mai ciwon sukari da ke allurar insulin, kada su yanke sitaci sai da sanin likita. Wanda kasala da jin sanyi da zubar gashi suka ƙi barinsa bayan ya koma cin abinci yadda ya saba, ya je asibiti a auna masa TSH da T4.