Ɓarawon da ya ɓuya a sunan harafi

Akawu ta buɗe shafin kamfaninsu don duba fayil ɗin Excel da wani dillali ya turo. Tebur ya fito tsaf, lissafi ya daidaita. Ba ta san cewa burauzarta ta riga ta aiwatar da wani umarnin JavaScript da aka cusa a cikin fayil ɗin ba, kuma da ikonta aka aiwatar da shi, tamkar ita ta ba da izini. Irin wannan kutse ne masana ke kira XSS.

PhpSpreadsheet, magajiyar tsohuwar PHPExcel, na cikin manhajojin da masu gina shafuka suka fi dogara da su wajen karanta irin waɗannan fayiloli. A 2020 aka gano cewa sashenta mai juya tebur zuwa HTML yana kwashe sharhin da aka liƙa wa akwatin tebur ya zuba a shafi ba tare da tacewa ba. Aka toshe. A 2024 sai ɓarakar ta sake ɓullowa ta sunan salon harafi, sannan ta mahaɗin da ke farawa da "javascript:".

Sunan harafi fa! Wa zai yi zaton macijin na kwance a nan? Ai nan ne gizo ke saƙar. Fayil ɗin Excel na xlsx ƙunshi ne na takardun XML da aka matse wuri guda, kuma duk mai niyya zai iya kwance shi, ya goge "Calibri" ya rubuta abin da ya ga dama, ya mayar. Masu manhajar sun tsare ƙofar gaba, wato abin da ke cikin akwati, suka ɗauki sauran bayanan kamar na gida ne, alhali duk daga hannun baƙo suka fito.

Illar tana bin girman wanda ya buɗe. In mai kula da shafin ne, za a iya sace zaman shigarsa, a karanta albashin ma'aikata ko a sauya lambar asusun da za a biya.

A ganina, gyaran ba shi ne mai wuya ba, domin sabuwar siga takan fito da wuri. Matsalar ita ce shafuka da yawa ba su ma san suna ɗauke da manhajar ba, don ta shigo ne a goye a bayan wata, kamar Laravel Excel, wanda ya gina shafin kuwa an biya shi tun tuni ya kama gabansa.