Me Kawu Yake Ƙwanƙwasawa a Bakin Kanal?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, ka taya ni warwarewa. Dattijo ne da ya haura sittin, manomin tumatir da shinkafa a Kura, wanda ba a ta da sallar asuba ba ya sahun farko. Bai taɓa ciwon da ya taɓa hankalinsa ba. Amma kullum bayan la'asar sai ya nufi bakin kanal, ya zauna a kan siminti, ya haɗa yatsu biyu ya dinga ƙwanƙwasa fuskarsa. Bakin gira. Gefen ido. Ƙasan ido. Ƙasan hanci. Haɓa. Ƙashin wuya. Leɓɓansa na motsi. In ya kai ƙarshe sai ya ja dogon numfashi, ya sake komawa farko. Dattijon nan kawuna ne, yayan mahaifiyata. To, me yake yi?

Na fara ganin haka ne bayan ƙaramar sallar 2016, da na je gaishe shi. Kura ba ta da nisa da Kano, kimanin kilomita 30 a kan hanyar Zariya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake bin kanal yana ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rani da damina ƙasa kore shar. Kafin shinkafa ma garin Kura ya yi suna da rini da bugu, domin rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura har Agadas an san shi. Garin da aka saba jin ana bugun tufa ke nan. Bugun fuska kuwa ban taɓa gani ba.

Za ka ce me ya hana in tambaye shi kawai? Ai ka san yadda muke. Ɗan ƙanwa ba ya tsare kawunsa da ido ya ce, me kake yi wa fuskarka? Sai na ɗauki hanyar da ta fi tsawo, na zuba ido, na kasa kunne.

Zatona na farko sauro ne. Duk inda ruwa ya kwanta a gonar shinkafa, sauro ya sami gida, kuma wanda ya taɓa yin magariba a Kadawa ya san yadda ake marin kai ba a shirya ba. Washegari na zauna nesa kaɗan ina ƙirgawa. Mai korar sauro yana kai hannu duk inda aka cije shi. Kawu kuwa jeri yake bi, ba ya tsallake wuri, ba ya sauya tsari, kowane wuri kamar sau bakwai. Sauro ba ya cizo bisa layi.

Zato na biyu, ciwo. Na ce ko kansa ke sarawa, ko maganin feshi ya taɓa masa ido, ko hawan jini ne ya fara sallama. Na lallaba na ce zan je gwajin jini a asibitin garin, ya daure ya raka ni. Ya raka ni, aka gwada mu tare. Jininsa lafiya lau, ido garau, babu zazzaɓi. Muka dawo gida. La'asar na yi, ya ɗauki buzunsa ya nufi kanal.

Zato na uku, laƙani. Motsin leɓɓan nan ya sa na ce ko wani malami ya ba shi wuridi. Mun san tofi, mun san shafa jiki bayan karanta surorin neman tsari kafin barci, mun san ɗora hannu a inda ke ciwo a yi addu'a, duk sun zo a hadisi. Na sami limamin unguwarsu, na kewaya da zancen a hankali. Ya girgiza kai. Ya ce shi ma ya gani, ya ɗauka daga birni muka kawo masa.

Saura zato ɗaya, wanda ba na son furtawa. Maƙwabta sun riga ni. Wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce, “Ɗan nan, bakin ruwa da yamma ba wurin zama ba ne. Ku nema masa taimako, kada iska ce.” Gabana ya faɗi. Daren nan ban runtsa ba. Da safe na shiga wajen matarsa, wadda muke kira Inna, na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, lafiyar Kawu kuwa?”

Ta dube ni. Ta yi murmushi. Ta ce, “Yanzu ne ma yake da lafiya. Wata uku ba ya barci. Yanzu har minshari yake yi.”

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Abin da muke ɗauka ciwo, ashe shi ne maganin. To maganin me?

Inna ta warware mini. A ranin shekarar 2016 tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka raɗa mata Sharon, ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Tana shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki, ta huda 'ya'yan, kafin manomi ya farga gona ta koma kamar an babbake ta. Kawu ya ci bashin taki da iri, yana lissafin kwandunan da zai kai kasuwar Kwanar Gafan. Ko kwando goma bai tsira da su ba. Duk wanda ya zo jaje, amsa ɗaya yake ba shi: “Alhamdu lillahi, haka Allah ya so.” Gaskiya ya faɗa. Amma da dare sai ya tashi zaune, zuciya na dukan uku-uku, gumi na karyo masa. Ya daina cin tuwo. Ya daina zama majalisa. Ta ciki na ciki.

Sai 'yarsa ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin jinya. Ta ga yadda mahaifinta ya zabge. Ta nuna masa wani bidiyo a wayarta, ta ce, “Baba, wani ɗan motsa jiki ne, mu gwada tare.” Ita ta koya masa ƙwanƙwasar.

Kacici-kacici na farko ya warware. Sai dai ya haifi wanda ya fi shi wuya. Ta yaya taɓa gira da yatsa zai dawo wa mutum da barcinsa?

Na bi sawun abin har tushensa. Wajen 1980, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Roger Callahan, yana fama da wata mata da ya kira Mary a rubuce-rubucensa, mai matsanancin tsoron ruwa. Ya fi shekara yana ƙoƙari babu nasara. Wata rana ta ce in ta tuna ruwa a cikinta take jin tsoron. Callahan ya karanta likitancin Sinawa na gargajiya, inda ake cewa wani ƙarfi mai suna chi yana gudana a jiki ta manyan magudanai 12, kuma magudanar tumbi ta bi ta ƙasan ido. Ya ce ta ƙwanƙwasa wurin. A cewarsa, nan take tsoron ya tafi. Daga baya ɗalibinsa Gary Craig, injiniya, ya sauƙaƙa tsarin a shekarun 1990, ya zama abin da aka sani da EFT. Bayaninsu shi ne, baƙin ciki toshewar magudana ce, ƙwanƙwasa kuma ita ke buɗe ta.

Wannan bayani ya shiga raina, domin ga misalinsa a gabana. Duk manomin Kura ya san in ciyawar kacalla ta toshe kanal, gonar da ke ƙasa ƙishirwa za ta kashe ta, in an yashe kuwa ruwa ya wuce. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Biri ya yi kama da mutum.

Amma kanal ana ganinsa da ido. Masu fiɗar jiki sun ga jijiyoyin jini, sun ga jijiyoyin saƙo, sun bi su har siraran da suka fi gashi. Magudanan chi kuwa babu wanda ya nuna su aka tabbatar. Sannan na ci karo da wani gwaji da ya tsayar da ni cak.

A 2003, wasu masana biyu a Kanada, Wendy Waite da Mark Holder, suka tara ɗalibai 119 masu tsoron wani abu, suka kasa su huɗu. Kashi na farko suka ƙwanƙwasa wuraren da aka ce magudanai ne. Na biyu suka ƙwanƙwasa hannu, inda ba a lissafa da magudana ba. Na uku aka ba su 'yartsana, ita suka ƙwanƙwasa. Na huɗu ba su ƙwanƙwasa komai ba. Tsoro ya ragu wa na farko. Ya ragu wa na biyu. Ya ragu wa masu 'yartsana. Na huɗu ne kawai bai sauya ba.

'Yartsana fa! Masu kare tsarin suka ce ai a kan yatsu ma akwai magudanai. To in ko'ina ka taɓa aiki yake yi, me taswirar ta ƙara? Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Wani abu yana aiki, wannan babu musu, Inna shaida ce. Amma ba shi ne wanda ake nuna mana ba. Akwai abin da na tsallake.

Leɓɓan. Ban taɓa jin abin da yake faɗa ba.

Ranar da zan koma Kano na cire kunya. Na bi shi kanal. Na durƙusa. Na ce, “Kawu, a ba ni izini in zauna.” Ya nuna mini gefen buzu. Ya yi shiru. Ruwa na wucewa. Ya ɗaga yatsu biyu. Ya fara. Na matso.

“Tumatirina ya tafi. Bashin mutane na kaina. Ina jin kunyar haɗa ido da su. Ina jin tsoro. Duk da haka ni bawan Allah ne, kuma ban yi ha'inci ba.”

Tsigar jikina ta tashi. Tun ina yaro ban taɓa jin mutumin nan ya ce yana jin tsoro ba. A gidanmu shi ake kai wa kuka. Shi ke cewa a yi haƙuri. Wata uku yana haɗiye wannan magana, ga ta yau tana fita, kalma bayan kalma, a kan kowace ƙwanƙwasa. Nan ne ɓarawon yake ɓoye, a bakinsa.

Da na koma na bincika, sai guntayen suka haɗu. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka saka mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu fuskoki masu fushi da masu firgici. Duk sa'ad da mutum ya kira abin da sunansa, ya ce wannan fushi ne, wannan tsoro ne, sai amigdala, ɗan sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari a ƙwaƙwalwa, ta rage zafi. Tun 1958 kuma likita Joseph Wolpe, ɗan Afirka ta Kudu, ya bayyana cewa in mutum ya tunkari abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan alhali jikinsa a sake yake, tsoron yana dusashewa. Abin da Kawu yake yi ke nan kullum la'asar. Yana kallon asararsa ido da ido, yana kiran ta da sunanta.

To yatsun fa, aikin banza suke yi? A'a. Su ne suke riƙe jiki ya natsu har maganar ta fita. Taɓawa mai tsari da numfashi mai tsawo suna saukar da bugun zuciya, kuma iyayenmu mata sun riga kowa sani. Dubi uwa in jariri ya tsananta kuka: ta goya shi, ta yi ta zagaye, tana bubbuga bayansa a hankali. A 2013 masana a cibiyar RIKEN ta Japan suka auna, suka ga in uwa ta ɗauki jariri tana tafiya da shi, kukansa na tsayawa, bugun zuciyarsa na sauka. Kawu lallashin kansa yake yi, irin wanda aka yi masa yana goye.

Saura guntu na ƙarshe, kuma shi ya fi taɓa ni. Makon farko ba shi kaɗai ya yi ba. 'Yarsa na zaune gabansa, tana yi yana yi, tana jin duk abin da yake faɗa, ba ta katse shi ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba. Dattijo ba zai zaunar da 'yarsa ya ce mata yana jin tsoro ba. Amma zai yarda ya yi motsa jiki. Ƙwanƙwasar ta zama masa mayafi, ya fake a bayanta ya faɗi gaskiyarsa ba tare da girmansa ya zube ba.

Da na kawo masa wannan bayani a zuwana na gaba, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗan nan, ai mu mutanen Kura mun san wannan. Ka wuni kana bugun tufa, in babu shuni a cikinta ba za ta yi ƙyalli ba. Bugun shigar da shunin yake yi.”

Hukuncina ke nan. Ƙwanƙwasa ba ta da illa, kyauta ce, kuma wasu na samun sauƙi da ita. Labarin magudanan ƙarfi kuwa ba shi da hujjar da ta tsaya, don haka kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai buɗe maka su. Kada kuma ta hana ka zuwa asibiti. Wanda ya yi makonni ba barci, ba ci, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, a kai shi wajen likita. Akwai asibitin Dawanau, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kai kuma mai karatu, akwai wani irin Kawu a gidanku ko a majalisarku, wanda ya yi asara ya ce alhamdu lillahi, daga nan ya yi shiru. Haƙuri ibada ce, kuma faɗin abin da ke ci maka rai ga wanda ka amince da shi ba ya rage ta. Je ka zauna kusa da shi yau da la'asar. Kada ka yi saurin ba shi haƙuri. Bari ya faɗa tukuna.