Mitar Lantarki: Mudun da ke Tsare Albashin Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san ba a cinikin gero ko riɗi sai da mudu. Mai saye yana tsaye a auna masa, ya biya gwargwadon abin da ya gani da idonsa. Amma a gidaje da yawa na ƙasar Gumel, watau Gumel da Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, ana sayen wutar lantarki ba tare da awo ba. Ƙarshen wata sai a miƙo wa mai gida takardar kuɗin ƙiyasi, ko an sami wutar sosai ko ba a samu ba. Ga ma'aikacin da albashinsa ƙayyadadde ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Matsalar ta daɗe. Tun zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ake kuka da ita. A 2005 aka mai da hukumar PHCN, a watan Nuwamba 2013 kuma aka damƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun kamfanin KEDCO. Hukumar NERC, mai lura da harkar lantarki a ƙasa, ta fito da tsarin MAP a 2018, wanda ya ba mutum damar biyan kuɗin mita a ɗaura masa. A 2020 ta ƙayyade iyakar abin da za a caji wanda ba shi da mita, Gwamnatin Tarayya kuwa ta ƙaddamar da shirin raba mita kyauta a wannan shekarar.

Wajen zaɓe, abu na farko shi ne mai gida ya san irin layin da ya shigo gidansa. Gida mai fitilu da fanka da firiji, mita mai layi ɗaya ta ishe shi. Mai injin niƙa ko walda ko babban famfon rijiyar burtsatse shi ke bukatar mai layi uku, wadda ta fi tsada. Na biyu, lalle ne a nemi mita ta hannun kamfanin rarraba wuta, domin wadda aka saya a kasuwa ba ta da rajista, ba za ta karɓi lambobin kuɗi ba. A gidan haya kuma, inda ma'aikata ko ɗalibai suke raba mita ɗaya, ana iya ɗaura wa kowane ɗaki ƙaramar mitar awo a bayan babbar, don kowa ya biya abin da ya sha, a huta da gardamar ƙarshen wata.

Samun mita dai rabin aiki ne, sauran rabin shi ne iya karanta ta. Abin da take ƙirgawa ana kiransa yunit, watau wat 1,000 da aka yi aiki da shi na awa ɗaya. Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jikinsa. Sai a ninka wat da yawan awoyi, a raba da 1,000. Misali, tsofaffin ƙwayayen fitila biyar masu wat 60, idan suka kwana shida-shida na awoyi a kunne kullum, za su ci yunit 54 a kwana 30. Irin na zamani biyar masu wat 9 kuwa, yunit 8 da ɗan ɗoriya kawai za su ci. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye yunit guda a awa ɗaya, abin da fanka mai wat 75 za ta yi fiye da awa 13 kafin ta ci. Ashe ke nan kayan da ke zafafa abu, kamar dutsen guga da hita da risho na lantarki, su ne ɓarayin yunit.

Mitar kati tana nuna ragowar yunit a fuskarta, tana kuma da ɗan jan haske mai ƙyaftawa. Idan ƙyaftawar ta yi sauri, wani abu mai nauyi yana kunne. Mai hikima yakan rubuta lambar da ya gani kowace safiya har mako guda, ya gane abin da gidansa ke ci a yini, sa'an nan ya ware kuɗin wuta daga albashi tun ranar da aka biya. Ya kamata ya duba rasit ya ga rukunin da aka sa shi. Rukunin A ya kamata ya sami wuta awa 20 a yini, B 16, C 12, D 8, E kuwa 4, kuma farashi ya bambanta. A watan Afrilu 2024 an ɗaga na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit.

Har ila yau, jan waya ta bayan mita laifi ne mai jawo tara, ga kuma haɗarin gobara. Wanda ya ga an zalunce shi ya rubuta ƙara ga kamfani, in bai gamsu ba ya ɗaukaka ta zuwa NERC. Littafin da ya riƙa rubuta lambobin mitarsa a ciki shi ne zai zame masa shaida.