Saƙon da ke cewa kimiyya na raba yaro da imani

Tun makon jiya wani dogon saƙo ke yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin 'yan makaranta, an rufe shi da "don Allah ka tura wa mutum goma". Ya jero sunayen manyan masana kimiyya, ya ce wasu sun musulunta, wasu sun tuba a gargarar mutuwa, sauran kuwa duk ba su yarda da Allah ba, saboda haka iyaye su yi hattara da sa 'ya'yansu a ajin kimiyya.

Na farko-farkon ba sa buƙatar dogon bayani. Neil Armstrong bai ji kiran salla a duniyar wata ba, bai kuma musulunta ba. Tun 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙaryata labarin. Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, shi ma bai musulunta ba, a cocin Notre-Dame aka yi masa addu'ar jana'iza a 1997. Labarin tuban Darwin kuwa wata Baturiya ce ta fito da shi a 1915, shekara 33 bayan mutuwarsa, 'ya'yansa kuma suka ce ba a yi haka ba. Ba na ganin laifin dattijon da ya karanta ya yi kabbara ya tura, son addini ne ya ja shi. Haushina yana kan wanda ya zauna ya harhaɗa abin, yana da intanet a hannu, ya ƙi duba ko da suna ɗaya.

Maganar ƙarshen ce ke da illa, domin akwai gaskiya a jikinta. Stephen Hawking ya faɗa da bakinsa a 2014 cewa bai yarda akwai Allah ba. Richard Dawkins littafi guda ya rubuta a kan haka a 2006. Wani bincike na 1998 ya gano cewa cikin 'yan majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka da suka amsa tambayoyi, kashi 7 cikin 100 ne kawai suka yi imani da Ubangiji mai amsa addu'a. Shi ma Einstein, da kowane ɓangare ke ja zuwa gidansa, ya ce bai yarda da Ubangiji mai sakayya da azaba ba, amma ya ƙi a sa shi a layin masu musun samuwar Allah.

Inda saƙon ya shara ƙarya shi ne kalmar "duk". A 2009 cibiyar Pew ta tambayi masana kimiyya a Amurka, kashi 51 suka ce sun yarda da Allah ko da wani iko na sama, kashi 41 suka ce a'a. Wani binciken na jami'ar Rice ya nuna cewa a Turkiyya da Indiya da Italiya fiye da rabin masanan masu addini ne. Darasin lissafi iri ɗaya ake koyarwa a ko'ina, amma sakamakon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma babu ɗaya daga alƙaluman nan da ya nuna cewa ɗakin gwaje-gwaje ne ya cire wa wani imani.

A duba kyautar Nobel ta 1979. Steven Weinberg, wanda bai yarda da Allah ba, da Abdus Salam ɗan Pakistan, mabiyin Ahmadiyya da ke yawan danganta aikinsa da imaninsa, sun yi tarayya a kyautar saboda nazari ɗaya da kowannensu ya cimma daban. Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin cocin Katolika ne. Ahmed Zewail na Masar da Aziz Sancar na Turkiyya Musulmi ne, sun ci Nobel a 1999 da 2015. Mu ma nan muna da Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen malamin da ya yi rubutu kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Na ji wani uba a unguwarmu, bayan ya karanta saƙon, yana shawarar cire 'yarsa daga ajin kimiyya, yarinyar da burinta ta zama likita. Mu ne kuma idan aka kai matanmu asibiti muke tambayar ko akwai likita mace, mu yi ta ƙorafi idan aka ce babu. To daga ina za ta fito?

Yaro zai iya cin karo da tambayoyi masu wuya a jami'a, wannan gaskiya ne. Maganinsa a ba shi karatun addini mai tushe, da malamin da ba ya tsoron tambaya. Idan saƙon ya iso wayarka, kada ka tura shi gaba, kuma ka gaya wa wanda ya turo maka, cikin ladabi, cewa labarin Armstrong da na Cousteau da na Darwin duk ba su inganta ba.