Sun City: Birnin shaƙatawar da kuɗin caca ya gina a Afirka ta Kudu

Tafiyar kimanin awa biyu a mota daga Johannesburg, a lardin Arewa maso Yamma na Afirka ta Kudu, matafiyi zai ga wasu dogayen hasumiyoyi sun ɓullo daga tsakiyar tsaunuka. Nan ne Sun City, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa da caca mafi shahara a nahiyar Afirka.

Wanda ya fara zuwa ba ya rasa abin ba da labari. Akwai otel-otel huɗu, kuma mafi ƙasaita shi ne Palace of the Lost City da aka buɗe a 1992, wanda aka ƙera tamkar fadar wani sarki na zamanin da, da gumakan giwaye a harabarsa. A gefe guda ga wani teku na ƙirar hannu, mai rairayi, inda inji ke tayar da igiyar ruwa, alhali babu teku ko kusa da yankin. Ga filayen wasan golf guda biyu, sannan gandun dajin Pilanesberg na maƙwabtaka, inda ake kallon zaki da giwa da karkanda.

A babban zauren wurin ne aka yi gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001, wadda 'yar Najeriya Agbani Darego ta lashe.

Tarihi mai ɗaci

Attajirin nan Sol Kerzner ne ya buɗe wurin a 1979. A lokacin gwamnatin wariyar launin fata ta haramta gidajen caca, amma ta ware wa baƙaƙen fata wasu yankuna da ta kira ƙasashe masu 'yanci, ko da yake duniya ba ta amince da su ba. Bophuthatswana, ƙarƙashin Lucas Mangope, na cikinsu, kuma dokar hana caca ba ta aiki a can. Sai fararen fata suka riƙa tururuwa a ƙarshen mako domin yin abin da aka hana su a gida.

An biya manyan mawaƙa irin su Frank Sinatra da ƙungiyar Queen kuɗi masu tsoka suka yi wasa a can, duk da kiran Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙaurace wa ƙasar. A 1985 wasu mawaƙan duniya suka haɗu suka fitar da waƙa mai sunan wurin, suna shan alwashin ba za su taka shi ba. Bophuthatswana ta koma cikin Afirka ta Kudu a 1994, kuma a 1996 aka yi dokar da ta halatta gidajen caca a faɗin ƙasar.

Lissafin da ba ya faɗuwa

A zauren caca, wanda doka ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga, fitilu da ƙarar injina ba sa tsayawa. Sirrin ribar kuwa lissafi ne kawai. A faifan juyi mai gurbi 37, wanda ya canki lamba ɗaya daidai ana ba shi ninki 35 na abin da ya zuba. Wannan ɗan giɓi na nufin a kowane rand 100 da aka zuba, kusan rand 2.70 na komawa ga gidan idan aka yi ta wasa. Mutum ɗaya na iya ci yau, amma idan aka tara masu wasa duka, gidan ne da riba.

Shi ya sa baƙo Musulmi, wanda addininsa ya haramta masa caca, zai tarar da tambaya a gabansa: zai iya kai iyalinsa ninƙaya da kallon namun daji ba tare da ya leƙa zauren ba, amma tushen dukiyar da ta gina wurin a bayyane yake.

Dubban mazauna yankin na cin abinci ta dalilin Sun City, daga masu girki zuwa direbobi. Sai dai kuɗin da ya gina hasumiyoyin ya fito ne daga aljihun waɗanda suka shiga da fatan fita da ninki, suka koma gida hannu rabbana.