Ruwa Iri Biyu a Inji Ɗaya

Ƙarfen da aka gasa ya yi tauri, irin wanda ake ƙera bakin injin buga kayan mota da shi, zarto ba ya cin sa. Masana'antu suna da hanyoyin yanka shi ba tare da kaifi ya taɓa shi ba; ga biyu daga ciki.

Ta farko ruwa ne. Famfo ke matsa shi har ƙarfinsa ya ninka matsin iskar da muke shaƙa sau 4,000, ya fito ta 'yar ƙofar lu'ulu'u ko yakutu da ba ta kai rabin milimita ba. Ruwa zalla ya isa ya yanka roba ko takarda. Ƙarfe kuwa sai an gauraya masa yashin wani jan dutse mai suna ganet, dabarar da Mohamed Hashish, injiniya haifaffen Masar, ya fito da ita a kamfanin Flow na Amurka wajen 1980. Akwai sauri, ƙarfen kuma ba ya ɗaukar zafi, sai dai bakin yankan yakan ɗan karkace, gindinsa ya fi samansa kaushi.

Ta biyu tartsatsin lantarki ne, wanda Boris Lazarenko da matarsa Natalya suka mayar abin aiki a Tarayyar Sobiyet a 1943. Siririyar wayar tagulla, kaurin rubu'in milimita, tana wucewa dab da ƙarfen a cikin ruwa, dubban tartsatsi a kowace daƙiƙa suna gutsurar sa kaɗan kaɗan. Kuskurenta bai kai kaurin gashi ba, ko kusa. Amma fa akwai nawa: ƙarfe mai kauri yakan kwana a kan inji. Ba ta cin abin da lantarki ba ya bi, kuma in yankan na tsakiya ne, sai an huda mata inda za a zura ta.

Nan masu ƙera injuna suka ce a haɗa su a teburi ɗaya. Ruwa ya huda, ya fitar da ƙaton gutsuren tsakiya, ya bar ɗan tsoka a gefe. Waya ta biyo ta share, kamar yadda kafinta ke sa zarto kafin ya goge katako. A ganina babbar ribar ba saurin ba ne. Ribar ita ce ba a kwance ƙarfen daga mariƙinsa, domin duk ɗagawa da sake ɗaurewa ƙofar kuskure ce, ga ɓata lokacin neman saiti.

Matsalar tana cikin ruwan. Na yanka yana fitowa da laka da garin ƙarfe. Na waya kuwa tatacce ne, an cire masa gishiri don kada ya ja lantarki yadda ya ga dama. Ƙwayar ganet da ta maƙale a bakin yanka tana hana tartsatsi tashi daidai, har waya ta tsinke. Dole a wanke, a tace, a raba tankuna, kuma yayin da ɗaya daga hanyoyin biyu ke aiki ɗayar na zaune, alhali an biya kuɗin duka biyun. Shi ya sa yawancin masana'antu har yau suke ajiye injunan daban daban.